Daga Hanyar Zariya zuwa Bahiya: Tsohon Sawun Hausawa a Ƙasar Birazil

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne da ke kudu maso gabashin tsohon birnin Kano, a bayan ganuwa, kuma kafin bunƙasar da birnin ya yi a ƙarni na 20 galibin filin da suke zaune a kai ƙauyuka ne da gonaki, kamar yadda sunayen maƙwabtansu irin su Ƙauyen Alu da Gandun Albasa suke shaidawa har yau. Yankin ya zama ƙaramar hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, kuma ƙashin bayansa shi ne Hanyar Zariya, wadda ta taso daga bakin birni ta ratsa mahaɗar Dangi, ta wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta dangana da tashar Unguwa Uku, inda motocin Zariya da Kaduna da Abuja suke lodi dare da rana. A gefen wannan hanya da kuma Titin Gidan Zu akwai ofisoshin masu sayar da tikitin jirgin sama da shirya tafiye-tafiye, waɗanda kusan duk harkarsu gabas ta fuskanta: Makka da Madina don hajji da umara, Dubai da ƙasar Sin don saro kaya, Alƙahira da Indiya don neman magani ko karatu. Kudancin Amurka ba ta cikin wannan lissafi, domin abin da yawancin matasan yankin suka sani game da Birazil bai wuce ƙwallon ƙafa ba, wato sunan Pele, da cin 4 da 3 da Najeriya ta yi wa Birazil a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, da ƙwallaye biyu da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zura wa Ajantina a birnin Porto Alegre na Birazil a 2014.

Yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum yake yi da kuɗinsa da zaɓinsa don ya ga ƙasa da mutanenta ya dawo gida, baƙon abu ne a cikin tsoffin al'adun tafiya na Bahaushe. Tafiye-tafiyen da aka gada kowace tana da dalilinta: fatauci, wanda yake kai ayari ƙarƙashin madugu har Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro, neman ilmi, wanda yake kai almajiri gabas wajen alarammomin Barno, aikin hajji ta ƙasa, ta Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, wanda yakan ci shekaru, sai ci-rani, wanda yake fitar da manomi daga gida idan an gama kaka. Akwai kuma wata tafiya da ba a cika ambatonta a wannan jeri ba, saboda masu yin ta ba su zaɓe ta ba kuma mafi yawansu ba su dawo sun ba da labari ba, ita ce tafiyar bawa daga kasuwa zuwa kasuwa har bakin teku. Ta wannan hanya ce Hausawa suka fara taka ƙasar Birazil, a farkon ƙarni na 19 kuma suka yi yawan da ya sa hukumomin lardin Bahiya suka san su da sunansu, suna rubuta shi Ussá ko Hauçá a takardun gwamnati. Saboda haka Bakanon da zai je Bahiya yawon buɗe ido a yau ƙasa ce zai shiga wadda magabatansa suka riga shi da fiye da shekara 200, kuma sanin wannan ne yake sauya ma'anar duk abin da zai gani a can.

Birazil, wadda Turawan Fotugal suka mallaka daga 1500 har ta ɓalle a 1822, ita ce ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka, domin daga cikin mutum kimanin miliyan 10.7 da suka sauka da rai a nahiyar Amurka, kusan miliyan 5 a tasoshinta aka sauke su. Salvador, babban birnin Bahiya, an kafa shi a 1549, kuma shi ne hedkwatar mulkin mallakar har 1763 da aka mayar da ita Rio de Janeiro. Birnin yana bakin wani babban sashen teku da ya kutso cikin tudu, wanda yake kewaye da ƙasa mai albarka da ake kira Recôncavo, inda ake noman rake da taba. Tabar nan ita ce sirrin alaƙar Bahiya da gaɓar da ta taso daga Wida zuwa Ikko, wato Legas, kamar yadda masanin nan Bafaranshe Pierre Verger ya nuna a babban bincikensa na 1968: ganyen da bai kai darajar shiga kasuwar Lisbon ba shi ake murɗawa a shafe shi da ruwan rake mai kauri don kada ya bushe, sai ya zama abin da sarakuna da dillalan gaɓar suka fi so a kan kowane kaya. Wannan ya ba attajiran Bahiya fifiko a tasoshin Wida da Ajashe, wato Porto-Novo, da Badagiri da Ikko, waɗanda su ne bakin hanyoyin da suka gangaro daga ƙasar Hausa da Nufe da Barno.

Abin da ya cika waɗannan hanyoyi da mutane shi ne yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a ƙasar Gobir a 1804. Kano ta faɗa hannun jama'ar Shehu bayan an ci Sarki Alwali a Ɗanyaya a wajajen 1807, amma ƙurar ba ta lafa ba, domin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, sai da ya shafe shekarun farko na mulkinsa yana yaƙar masu tawaye, Haɓen Katsina kuma da suka koma Maraɗi da Gobirawa suka ci gaba da kai hari shekara da shekaru. A kowane karo akan kama mutane daga ɓangarorin biyu, kuma tun da mayaƙa aka fi kamawa, kusan duk waɗanda suka isa Bahiya daga wannan yanki maza ne majiya ƙarfi, da yawansu sun san baka da kibiya, wasunsu kuma sun yi karatun allo. Kwaltar Hanyar Zariya ta yau ba a kan sawun ayari daidai aka shimfiɗa ta ba, amma fuskarsu ɗaya, kuma zangon tsohuwar hanyar sananne ne daga tafiyar Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Badagiri a ƙarshen 1825 ya biyo ta baibai, ta tsohuwar Oyo, wadda Hausawa suke kira Katunga, da Kayama da Wawa da Busa da ƙasar Nufe da Zariya da Bebeji, bai iso Kano ba sai a watan Yuli na 1826. Labarin Ali Eisami, wani Babarbare ɗan malami da aka kama a lokacin da aka kai wa Barno yaƙi, ya nuna yadda mutum ɗaya yake sauya hannu: an bi da shi ta Kano da Katsina da Yawuri da Bargu har ƙasar Oyo, inda ya zauna wasu shekaru, sannan da bayi Musulmi suka tayar a 1817 suna gudu Ilori, sai ubangijinsa ya ji tsoro ya sayar da shi bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ya ɗauko shi ya sauke shi a Saliyo a 1818. Dubban da ba a tare jiragensu ba su ne suka wuce Bahiya, bayan wata guda ko fiye a kan teku.

Shugabannin daular Sakkwato sun san da wannan ciniki, kuma Muhammadu Bello ya yi tir da shi a littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ya soki yadda ake sayen mutanen ƙasashen Musulmi a kudu ana sayar wa Nasara, domin shari'a ta hana bautar da Musulmi ɗa, ta kuma hana miƙa shi ga wanda ba Musulmi ba. Amma hukuncin littafi bai tsayar da kasuwa ba. Clapperton, a zuwansa na farko a 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin Kano tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne, Heinrich Barth kuma, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara za su kai 5,000, wasu arewa ta hamada, wasu Barno, wasu Nufe. Gandayen sarauta da rinjojin attajirai da suka kewaye birnin, har da na kudancinsa, da ƙarfin bayi aka noma su. Duk mai son ya ba da tarihin Hausawan Bahiya da gaskiya bai kamata ya fara shi daga jirgin Bature ba, domin kafin mutum ya ga teku ya riga ya bi ta hannun mahara da dillalai da fatake masu magana da harshensa, kuma rashin faɗar wannan a fili zalunci ne na biyu ga waɗanda aka sayar.

A Salvador an rarraba sababbin zuwa, wasu gonakin rake, wasu kamun kifi, wasu kuma cikin gari, inda aka sa su wani tsari da ba baƙo ba ne ga mutumin Kano. Turawan Fotugal suna kiransa ganho, shi ne bawa ya fita ya nemi aiki da kansa, dako ko ɗaukar masu kuɗi a kujerar kafaɗa ko ɗinki ko aski ko talla, ya kawo wa ubangijinsa wani adadi da aka yanka a rana ko a mako, abin da ya saura kuma nasa ne, wanda shi ne ainihin abin da ake kira murgu a ƙasar Hausa. Masu wannan aiki suna da matsayarsu a kusurwoyin titi, kowace ƙabila da nata wurin da shugabanta, kuma suna da ƙungiyoyin tara kuɗi irin na adashi, waɗanda mutum yake ranta daga cikinsu ya fanshi kansa. Wannan 'yancin zirga-zirga shi ya ba malamai damar tara almajirai a ɗakunan haya na ƙarƙashin benaye, ana karatu da allo da tawada, ana rubutun sha, ana ɗinka layu, ana yanka rago, ana sanya farar riga a ɓoye, alhali dokar ƙasa addinin Katolika kaɗai ta amince a yi a fili.

Tarzomar farko da aka danganta wa Hausawa an gano shirinta ne a watan Mayu na 1807, lokacin da gwamnan Bahiya, wanda ake kira Conde da Ponte, ya samu labarin cewa an naɗa shugaba a kowace unguwa, an tara bakuna da kibau da wuƙaƙe da layu a gidan wani 'yantacce, ana jiran ranar wani bikin coci a auka wa gari, a ƙwace jiragen da ke tasha a koma Afirka. An kashe jagorori biyu, aka yi wa sauran bulala a bainar jama'a. A watan Janairu na 1809 ɗaruruwan bayi suka gudu daga Salvador da gonaki suka kai wa garin Nazaré hari, a ranar 28 ga Fabrairu, 1814 kuma wasu suka auka wa sansanonin kamun kifi da ƙauyen Itapuã a arewacin birnin, suka ƙone su, aka yi asarar rayuka fiye da 50 kafin sojoji su ci ƙarfinsu. Takardun shari'ar 1814 sun ambaci jagoran tafiyar da laƙabin malomi, wanda masana suka yarda cewa malami ake nufi, kuma wannan ita ce shaida mafi ƙarfi cewa masu ilmin addini suna gaba a wannan yunƙuri tun farkonsa. A Fabrairun 1816 wata tarzomar ta sake tashi a gonakin raken Santo Amaro da São Francisco do Conde. Shekaru goman nan, daga 1807 zuwa 1816, su ne zamanin Hausawa a tarihin gwagwarmayar bayi a Bahiya, kafin rushewar daular Oyo ta cika jiragen da Yarbawa, waɗanda ake kira Nagô a can, har suka rinjayi kowa da yawa.

Mafi shahara a cikin waɗannan tarzomomi ita ce ta daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835, wadda ake kira tawayen Malê, sunan da aka ba Musulmin Afirka a Bahiya daga kalmar Yarbanci imale. A lokacin, bisa ƙiyasin masanin tarihi João José Reis, wanda littafinsa na 1986 shi ne madogara a wannan fage, mazauna Salvador sun kai kimanin 65,500, kusan sulusinsu haifaffun Afirka. An zaɓi asubahin Lahadi, a cikin goman ƙarshe na azumin shekarar 1250 ta Hijira, ranar da Kiristocin gari za su tafi wani biki a cocin Bonfim da ke nesa da tsakiyar birni. Wata 'yantacciya mai suna Guilhermina Rosa de Souza ce ta tona asirin da yammacin Asabar, saboda haka da 'yan sanda suka ƙwanƙwasa wani gida a gangaren Ladeira da Praça bayan tsakar dare, sai mutum kimanin 60 suka fito da takubba sanye da fararen riguna, tun lokacin da aka shirya bai yi ba. Suka fara da kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar gari don su fito da wani dattijon malami, Pacífico Licutan, wanda almajiransa suke kira Bilal, kuma ba laifi ya kai shi can ba, an tsare shi ne a matsayin dukiyar da za a sayar a biya bashin ubangijinsa. Ba su iya fasa kurkukun ba, sai suka bi tituna suna tara jama'a har suka kai kimanin 600, suka nufi hanyar fita zuwa gonakin rake, amma a Água de Meninos, inda barikin sojan doki yake tsakanin tudu da teku, aka tare su da bindiga da dawaki. Kafin gari ya waye 'yan Afirka fiye da 70 sun mutu, wasu a titi, wasu a ruwa.

Gaskiyar da ya kamata mai karatu Bahaushe ya riƙe ita ce Yarbawa Musulmi ne suka shirya wannan tawaye suka kuma fi kowa mutuwa a cikinsa, Hausawa kaɗan ne a jerin waɗanda aka gurfanar, ko da yake a cikin malaman da aka tuhuma akwai Banufe, Luís Sanim, da Bahaushe, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, 'yantacce mai sayar da taba, wanda yake koyar da karatu da salla a shagonsa. Hukuncin ya yi tsanani ƙwarai: an yanke wa Licutan bulala 1,000, aka ɗaure wasu, aka kori ɗaruruwan 'yantattu daga ƙasar, mutum huɗu kuma aka harbe su a filin Campo da Pólvora a ranar 14 ga Mayu, 1835, saboda an rasa wanda zai yarda ya rataye su. A jikin gawawwaki da gidajen da aka bincike an samu takardu da ƙananan littattafai da rubutun Larabci, waɗanda 'yan sanda suka ɗauka wasiƙun makirci ne, sai suka nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta musu. Da masana irin su Rolf Reichert suka sake nazarinsu a ƙarni na 20, sai aka ga galibinsu surori ne da ayoyi da addu'o'in neman tsari da hatimai, wasu da hannun gwani, wasu da hannun mai koyo wanda yake maimaita aya ɗaya sau da yawa. Masana sun yi saɓani a kan ma'anar tawayen: Raimundo Nina Rodrigues da waɗanda suka bi shi sun ɗauke shi ci gaban jihadin Sakkwato a wata nahiya, Paul Lovejoy ya ƙarfafa alaƙarsa da abin da ke faruwa a ƙasar Hausa da Ilori, Reis kuwa ya nuna cewa addini da ƙabila da ƙuncin bauta duk sun haɗu, har waɗanda ba Musulmi ba sun shiga. Ra'ayin Reis ya fi kusa da abin da takardun shari'ar suka nuna, musamman idan aka tuna cewa jirgi ɗaya yakan ɗauko wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Shehu da wanda ya yi yaƙi a rundunar sarakunan Haɓe, kuma a Bahiya abin da ya haɗa su ya fi ƙarfin abin da ya raba su a gida.

Waɗanda aka kora da waɗanda suka biya kuɗin jirgi da kansu sun sauka a Wida da Ajashe da Ikko, inda aka san zuriyarsu da sunan Aguda, da kuma Ankara ta Gana, inda ake kiransu Tabom tun saukarsu a 1836. Sun zo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki, kuma masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a Legas a 1894 da babban masallacin Porto-Novo duka a kan fasalin ginin Bahiya aka yi su. Daga cikin waɗanda suka zauna a Birazil, kaɗan ne muryarsu ta iso ga na baya. Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya yi hira da Hausawa da dama a ƙarshen shekarun 1840 ya buga bayanansu a 1851, kuma ko da yake abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tatsuniyar wasu mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka, waɗanda ya yi hira da su sun lissafa masa garuruwa da koguna da zangon ƙasarsu dalla-dalla. A cikinsu akwai wani dattijo Bafillace haifaffen Kano, Muhammadu Abdullahi, wanda ya yi aikin hajji kafin a kama shi a yaƙi a ƙasar Katsina, ya shekara kimanin 30 a Bahiya, ya fanshi kansa yana aikin kafinta, kuma maimakon ya tsaya ga amsa tambayoyin jakadan sai ya riƙa kiransa zuwa Musulunci. Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, ɗan garin Jugu a arewacin Benin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, aka kai shi Pernambuco a wajajen 1845, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854.

Bayan dokar 1850 da ta tsayar da shigo da bayi, al'ummar Musulmin ta rasa sababbin jini, kuma tun da mata 'yan yankinsu ba su da yawa, tsoron hukuma kuma ya hana koyarwa a fili, 'ya'yansu suka tashi a cikin coci da kuma candomblé, wato addinin gargajiya da Yarbawa da mutanen Dahome da Angola suka dasa a can. Abdurrahman al-Bagadadi, wani limamin jirgin yaƙin daular Usmaniyya da guguwa ta kai Rio de Janeiro a tsakiyar shekarun 1860, ya zauna da su kimanin shekara uku a Rio da Salvador da Recife, ya rubuta yadda suke salla a ɓoye da yadda iyaye suke kukan 'ya'yansu sun bar hanya. A 1869 jakadan Faransa a Rio, Gobineau, ya ba da rahoton cewa wani kantin littattafai na Faransawa yana sayar da Alƙur'ani kusan 100 a shekara ga bayi da 'yantattu, duk da tsadarsa. Birazil ta soke bauta a ranar 13 ga Mayu, 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, a Arewacin Najeriya kuwa, ko da yake an rufe kasuwar bayi ta Kano bayan zuwan Turawa a 1903, sai a 1936 doka ta kawar da bautar gaba ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 19 likita Nina Rodrigues, wanda rubuce-rubucensa suke cike da ra'ayin fifita farar fata na zamaninsa, ya tarar da sauran tsofaffin Hausawa a Salvador ya rubuta kalmomin harshensu, kuma da mutuwar wannan tsara harshen ya ɗauke daga Bahiya.

Matafiyin da zai tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a yau sai ya nemi biza ta ofishin jakadancin Birazil a Abuja ko ƙaramin ofishinsu a Legas, kuma sau da yawa sai ya fara yin gabas zuwa Adis Ababa kafin ya juyo yamma zuwa São Paulo, daga nan ya hau jirgin cikin gida zuwa Salvador. A can masu jagorar baƙi za su kai shi Pelourinho, tsohuwar unguwar da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1985, wadda sunanta yake nufin turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala. Za su hau da shi na'urar Lacerda, wadda tun 1873 take ɗaga mutane daga gari na ƙasa zuwa na kan tudu, ta sauke shi a dandalin da ginin majalisar gari yake tsaye har yanzu, 'yan taku daga Ladeira da Praça. Zai ga gidan tarihin al'adun Afirka da ke tsohuwar makarantar likitanci, zai ga mata sanye da fararen kaya suna soya acarajé, wanda ƙosai ne da manja, zai kuma samu a jerin abincin gidajen cin abinci wani tuwon shinkafa da ake ci da soyayyen busasshen nama, mai suna arroz de hauçá, wato shinkafar Bahaushe, wanda shi ne wurin da sunan kakanninsa ya fi zama a bakin mutanen gari. Musulmin Birazil na yanzu galibinsu zuriyar Siriya da Labanan ne, 'yan'uwan Kwarorin da suka zauna a Kano, kuma sun fi yawa a São Paulo da Foz do Iguaçu, amma a Salvador akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré wadda wani malami ɗan Najeriya ya daɗe yana jagoranta, a Itapuã kuma, inda aka yi faɗan 1814, akwai ƙungiyar kiɗa da rawa ta Malê Debalê, wadda aka kafa a 1979 don tunawa da mutanen 1835.

Duk da haka, abin da ake nuna wa baƙo a Salvador gadon Yarbawa ne da na addinin gargajiya, domin shi ne ya rayu kuma shi ne yake da kiɗa da launi, sawun Hausawa kuwa sai wanda ya zo da saninsa yake ganinsa. Misali mafi bayyana shi ne na ranar 20 ga Yuni, 2013, lokacin da Super Eagles suka kara da Urugwai a filin wasa na Fonte Nova a gasar Kofin Nahiyoyi, aka ci su 2 da 1, mutane a gidajen kallo na Kano suna bin wasan, alhali filin yana dab da Campo da Pólvora, inda aka harbe mutum huɗun nan, kuma tashar jirgin ƙasan da take kai 'yan kallo filin a yau sunan wannan dandali take ɗauke da shi. Birazil ta yi nata ƙoƙarin, domin tun 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantunta, kuma matattarar jiragen Valongo a Rio, wadda aka tono a 2011, ta shiga jerin UNESCO a 2017, a makarantun Kano kuwa ɗalibi yakan gama sakandare bai ji sunan Bahiya ba.

Takardun Larabcin da aka ƙwace a 1835 suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahiya a Salvador, an rubuta su da irin hannun da ake koya a tsangayun Kano, kuma masanin Rasha Nikolay Dobronravin ya nuna cewa a cikin rubuce-rubucen bayin Birazil da Trinidad akwai Hausa da aka rubuta da ajami. Yawancin waɗanda suka yi nazarinsu zuwa yanzu Turawa ne da 'yan Birazil da suka koyi Larabci a jami'a, alhali alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya san hatimi da tsarin laya, zai iya gane abubuwan da idon wani ba zai kama ba. Ya kamata sassan Tarihi da Larabci da Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, tare da hukumar kula da tarihi da al'adu ta jihar Kano, su ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Tarayya ta Bahiya, wadda take da cibiyar nazarin Afirka tun 1959, a samo hotunan waɗannan takardu a ajiye a Kano, a tura malaman jami'a tare da alarammomi su karanta na asali, sannan a fassara tarihin zuwa Hausa don ɗaliban sakandare.